Kwalbar Bida a Tagar Coci

Duk unguwar Tunga an san Malam Ndaman mai gilashi da kafiya. Banufe ne ɗan Bida, jikan masu narka kwalabe su yi duwatsun wuya, shekara arba'in yana yankan gilashin taga a Minna. Ranar da likita ya gaya masa ganinsa ba zai wuce damina ɗaya ba, sai ya miƙe ya fito. Da ya dawo gida sai ya ce shi coci za shi.

Babban ɗansa Zikrullahi ya dafe kai. "Baba, da furfurarka? Me mutanen masallaci za su ce?"

"Su ce mana. Aikina zan je gani, ba addini zan sake ba."

Aikin kuwa tun yana saurayi ya yi shi. A wani gari can bakin kogin Kwara akwai tsohon coci, ginin dutse na zamanin Turawa, mai dogayen tagogi masu tsini a sama kamar kan mashi. Guguwa ta fasa masa gilashi shuɗi guda, aka nemi irinsa aka rasa. Ndaman ya tara shuɗayen kwalaben magani, ya narka a murhun kakansa, ya je ya ɗora da hannunsa. Shi yake so ya sake gani kafin duhu ya rufe shi.

'Ya'yansa suka ƙi raka shi. Maƙwabciyarsa Margaret, tela daga kudancin Kaduna, ta rufe shagonta ta bi shi.

A ƙofar cocin ya tuɓe takalmi. Margaret ta ce, "Baba, a nan ba a cirewa."

"Ɗakin ibada ne ko ba shi ba ne?" Ya shige abinsa ƙafa ba takalmi.

Suka tarar da Kingsley, mai zagayawa da baƙi, yana ta zuba bayani, wai gilashin nan kaf daga Ingila aka kawo shi a jirgin ruwa. Ran tsoho ya ɓaci.

"Ban da na taga ta uku, ƙasa, hannun hagu," in ji Ndaman. "Na Bature sumul yake. Nawa da ƙwayoyin iska a ciki, don da itace na narka shi."

Kingsley ya yi murmushin da ake wa tsofaffi, amma ya taka benci ya duba. Ya daɗe bai sauko ba. "Akwai su, Baba."

Ndaman ya ɗaga kai, ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Dishi-dishi kawai. Ya makara, kuma abin ya yi masa zafi ƙwarai. Margaret ta kama hannun rigarsa a hankali ta ce su tafi kada mota ta wuce su.

"Ta wuce mana," in ji shi.

Nan ya kafe a tsaye, har rana ta karkato ta bayan kogi ta bugi tagar. Shuɗin haske ya sauko ya kwanta a kan ƙafafunsa, kusa, inda idonsa ke iya kaiwa. Ya sunkuya ya kalla, ya motsa yatsunsa a ciki.

"Ga shi nan," ya ce. Margaret ta kau da kai tana share ido da gefen zane.

Ya juya wajen Kingsley. "Gobe in baƙi sun zo, ka ce Ingila, sannan ka ce da Bida."