Faya-fayan Mushe Abdu a Kan Gangar Ƙarfe

Har yau ban iya mantawa da ranar da na ɗauki kayan wani bawan Allah da hannuna na shanya su a rana, alhali na san abin da rana za ta yi musu. Ku da kuke aikin kaya yanzu, ku ji yadda abin ya faru.

A farkon shekarun 1980 ina magazinye, wato mai kula da ɗakin ajiya, a kamfanin sufuri na wani Alhaji a Madawa. Motocinmu su ɗauko kaya daga Yamai su sauke a wurinmu, mu kuma mu rarraba zuwa Buza da Kaita da ƙauyuka. Sama da ni akwai shef na ajans, wato shugaban reshe, ƙasa da ni akwai masu dako. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Koli, wato ƙunshin kaya, ya iso, ka duba shi da takardar da direba ya kawo, ka ajiye shi a inuwa, ka aika wa mai shi saƙo. Ba a buɗe kolin mutum. In ya zo a yage, ka kira shaidu biyu, ka rubuta konsta, wato takardar da ke bayyana halin da kaya suka iso a ciki, sannan ka ɗaure shi ka jira mai shi.

Cikin masu karɓar koli a wurinmu akwai Mushe Abdu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Buza, ɗan asalin Azarori. Mushe laƙabi ne daga Faransanci da ake kiran malaman lakwal da shi. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya barin sallar jam'i, amma yana da wani abin so da ba wanda ya fahimta. Yana tara ƙananan faya-fayan garmaho, irin masu waƙa ɗaya a kowane gefe, kuma duka na kiɗa iri ɗaya ne, wanda Turawa ke ce wa hebi metal. Wani Bature da ya taɓa aikin rijiyoyi a yankin, suka yi abota, shi ke aiko masa da su ta hannun wani ɗan'uwan Mushe a Yamai.

Na taɓa kai masa koli har gida, ya kunna mini ɗaya a injinsa mai aiki da pil, wato batir. Wallahi sai da na ja da baya. Jita tana kuka kamar ana saran kwano, ganga kamar mata goma na daka a turmi ɗaya, mawaƙin kuma ihu kawai yake. Mushe ya yi dariya ya ce, "Malam Isa, in na wuni da yara a aji, wanga ne kaɗai ke cire mini gajiya." Ya nuna mini akwatin katako da ya sa kafinta ya yi masa. Faya-fayan suna tsaye a jere, kowanne cikin rigarsa ta takarda, ya rubuta shekarar da ya fito a ɗan kati. Da gefe yake riƙe su, yatsa ba ya taɓa tsakiya. Ya ce mini irin waɗannan ƙanana sau ɗaya ake buga wasu, in sun ƙare sun ƙare. Ban so kiɗan ba, amma na ga yadda mutum ke riƙe abin da yake ƙauna, kuma tun daga ranar nake ajiye kolinsa a lungun da ya fi sanyi.

Sai aka kawo mana sabon shef, Shef Ganda, surukin Alhaji. Bai taɓa aikin kaya ba, amma ya iya tsawa.

Wata safiya cikin tsakiyar bazara, direbanmu Alhasan ya iso daga Yamai. Cikin kayan akwai kolin Mushe, kusurwa ɗaya ta ɗan yage. Na leƙa ta wurin yagewar, faya-fayan lafiya lau. Ina shirin kiran shaidu sai Shef ya zo wucewa, idonsa ya faɗa kan rigar faifan da ke sama. Hoton ƙoƙon kan mutum ne da ƙahoni, wuta na ci a bayansa.

Ya ce, "Isa, mi ke nan?"

Na ce, "Shef, faya-fayan kiɗa ne na Mushe Abdu na Buza. Ya daɗe yana karɓa."

Bai ko saurare ni ba. Ya fizge kolin, ya farke shi gaba ɗaya, ya zube faya-fayan a kan tebur. Goma sha biyu ne. Ya kira masu dako da duk wanda ke tsaye a tasha, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana cewa su zo su ga kayan tsafin da malamin ƴaƴan Musulmi ke karɓa daga Turai. Wasu na salati, wasu na dariya.

Na ce, "Shef, ba a buɗe kolin mutane. Ka bari in ɗaure in rubuta konsta."

Ya ce, "Wanga abu ba ya zama ƙarƙashin rufi ɗaya da kayan bayin Allah. Kwashe ka kai waje, ka aza bisa gangar can har mai su shi zo."

Gangar da yake nufi ta ƙarfe ce, tsohuwar gangar mai, a tsakar fili inda babu ko inuwar kara. Na ce masa rana za ta lalata su, ba sa jure zafi. Ya matso har ina jin numfashinsa ya ce, "Kai ne shef ko ni?"

A nan ne na yi abin da nake jin kunyarsa. Ina da mata da ƴaƴa uku, kuma na san ko surukin wane ne. Na kwashe na kai. A raina na ce da ya shiga biro, wato ofishinsa, zan dawo da su. Kamar ya karanta zuciyata, nan take ya tura ni kasuwa in tsaya a kan lodin albasa. Ban dawo ba sai bayan azahar.

Na tarar da su sun lanƙwashe. Tara sun yi tudu da kwari kamar ganyen da ya ji wuta, har wasu sun manne da rigunansu. Uku na can ƙasa ne kawai suka tsira. Na tsaya riƙe da su, hannuna na zafi, zuciyata ta fi hannun zafi.

Da Shef ya ga ɓarnar sai jikinsa ya ɗan yi sanyi, domin ya san kaya amana ne a kan kamfani. Ya kira ni biro ya miƙo mini takarda. Ya ce in rubuta cewa haka suka iso, Alhasan ne ya aza kolin kusa da injin mota. Kowa ya san direban da aka rubuta wa irin wannan konsta ya gama aiki. Alhasan shekararsa tara yana tuƙi, ko kwalba bai taɓa fasa wa mutum ba.

Na ce, "Shef, abin da ka sa ni da safe na yi, Allah shi gafarta mini. Wanga kam ba ni yi."

Ya ce, "Za ka ga abin da ka jawo wa kanka."

Kwana biyu bayan haka Mushe Abdu ya zo a kan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, fuskarsa cike da fara'a. Na miƙa masa kayan ban iya haɗa ido da shi ba. Ya zauna a kan benci, yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa a haske. Da ya zo kan wani mai jar riga, cikin waɗanda suka lanƙwashe, sai ya aza shi a cinyarsa. Ya ce, "Wanga shekara huɗu abokina yana nema mini shi."

Shef ya fito yana faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, wai laifin direba ne, kuma ma Mushe ya gode wa Allah da shi Shef bai kai maganar gaban sufeton makarantu ba. Abin ya kai ni maƙura. A gaban masu dako da fasinjoji na ce, "Mushe, ba haka anka yi ba. Lafiya sunka iso. Shef ya buɗe, ya ce a kai su rana, ni kuma na kai."

Mushe ya dube ni, ya dubi Shef. Bai zagi kowa ba. Ya ce kawai yana son ganin mai kamfani.

Alhaji ya zo da la'asar. Ya saurari kowa, sannan ya ce shi sai ya ji abin da ake rigima a kai. Aka aro injin garmaho a wurin wani tela, aka aza ɗaya daga cikin ukun da suka tsira. Ko minti ɗaya bai yi ba Alhaji ya toshe kunne ya ce, "Kashe, kashe! Mushe, wanga kake sha?" Har Mushe sai da ya yi murmushi. Sannan Alhaji ya juya ga surukinsa ya ce, "Ni dako nake yi. Ban aza ka nan don ka zaɓar wa mutane abin da za su so ba." Ya ba Mushe haƙuri, ya ce a bar Alhasan ya ci gaba da aikinsa.

Na ɗauka gaskiya ta yi halinta. Sati bai cika ba aka kawo mini takarda, an mayar da ni ƙaramin wurin ajiyarmu na Kaita, wai na kunyata shugabana a bainar jama'a. Shekara biyu na yi can, iyalina suna Madawa. Shef Ganda ko kujerarsa ba a matsar ba.

Wanda ya fi cutuwa Mushe ne. Maganar da Shef ya yi a tasha ta riga shi isa Buza, an ƙara mata gishiri a hanya. Aka ce yana bautar wani abu mai ƙaho a ɗakinsa. Iyaye suka fara hana yara zuwa ajinsa, wasu suka daina amsa gaisuwarsa a ƙofar masallaci. Mutumin da ya koya wa ƴaƴansu karatu shekara da shekaru! Ƙarshen shekarar ya nemi a canja masa gari. Kafin ya tafi ya biyo ta Kaita ya yi mini sallama. Ya ce ya gwada danne mai jar rigar nan tsakanin gilashi biyu, ya miƙe kaɗan, amma allura tsalle take yi, ba ta kai ƙarshen waƙar. Na sake roƙonsa gafara. Ya ce, "Kai ka faɗi gaskiya, Malam Isa." Na ce masa na faɗe ta, amma bayan rana ta gama ɓarnarta, lokacin da ba ta da sauran amfani ga kayansa.

Na yi shekaru masu yawa a wannan sana'a bayan haka. Layu sun bi ta hannuna, da littattafan da ban san yarensu ba, da magungunan da warinsu ke korar mutum daga ɗaki. Abin da na koya shi ne, mai riƙon kayan mutane ba alƙali ba ne. Ra'ayinka a kan abin da ke cikin koli, ka bar shi a gida. Kuma na koyi cewa mai tsawa ba ya iya ɓarna shi kaɗai, sai ya sami mai tsoro ya kwasar masa. Saboda haka in babba ya ba ku umarnin da kuka san zalunci ne, kada ku ce bari ya shiga biro ku gyara. Ku ƙi tun yana tsaye a gabanku.