Waƙar da Gaisuwa Ta Cinye

"Wannan waƙar za a goge," in ji Malam, mai gidana. Ya ɗaga kaset ɗin yana nuna mini bayansa da ɗan yatsa, kamar ban san inda take ba. "Ita ce ta farko a wannan gefen, kuma ba mai jin ta."

Na ce, "Ni ba mutum ba ce?"

Ƙaninsa direba yana zaune a kan turmina da ya kife. Ya kwashe da dariya, ya ce, "Matar Yaya, ke dai mutum ce. Waƙar ce ba waƙa ba."

Ina gaban murhu ina suyar ƙuli-ƙuli, hannuna duk mai, shi ya sa ban fizge kaset ɗin ba.

Kaset ɗin babban ɗana ne ya aiko da shi daga Legas, inda yake aiki wajen masu shanu. Ɗan farina ne, ba na kiran sunansa, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Ya aiko mana da rakoda mai cin batir shida, da kaset guda ɗaya tak. A jikin kwalin akwai hoton mutum huɗu masu dogon gashi, uku riƙe da jita. Na ce matan nan ba su da kunya. Direba ya ce maza ne, kuma kiɗan nasu rok ake ce masa. Da Turanci suke waƙar. Duk gidanmu a Yammedi ba wanda yake jin ko kalma ɗaya, amma wannan bai hana kowa ya zama gwanin sanin wadda ta fi daɗi ba.

To ranar nan direba zai ɗauki shanu zuwa Legas bayan la'asar, Malam kuma yana son ya aika wa yaron saƙo. Lokacin daga ni har shi ba mai rubuta boko. Ni sai da na yi jikoki na shiga ajin manya na koya. Abin da mutane suke yi shi ne a yi magana a cikin kaset a ba direba ya kai. Sabon kaset sai an shiga Karaye, lokaci kuma ya ƙure. Dole a goge waƙa ɗaya a ɗora magana a kanta.

Malam tela ne, kekensa na ƙafa. Waƙarsa ita ce ta biyu a bayan kaset, wata mai ganga da hayaniya, wadda mutanen suke ihu tare kamar an taka musu ƙafa. Ya ce in tana yi ƙafarsa ba ta gajiya, yana gama wando kafin ta ƙare. Direba ma ita ce tasa. In ya ari kaset ɗin ya sa a mota, wai daga Karaye har Rogo ba ya jin ramin hanya.

Tawa ita ce ta farko, kafin tasu. Jita ɗaya ce take farawa, a hankali, kamar mutumin da yake tafiya ba ya son ya isa. Mai waƙar ba ya buɗe baki sai na juya kasko guda na ƙuli. In ya buɗe ma ƙasa-ƙasa yake yi. Can wajen ƙarshe sai jitar ta ɗaga murya ta yi ta kuka, sannan ta yi shiru. Tsawonta kasko biyu ne cif, na sha aunawa.

Malam ya ce, "Wannan ai jiran waƙa ne. Ka zauna kana jira a fara, sai ka ji an gama."

Direba ya ce, "Batir kawai take sha. Ni in na sa ta a mota barci zan yi in zubar da shanun mutane."

Muna cikin haka ƙawata Bafulatana ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka. Daga rugarsu ta wajen Kafin Dafga take zuwa, kuma ta sha zama ta ji kaset ɗin nan tare da ni. Na ji daɗi, na ce ga mai goyon bayana ta zo. Na ce, "Ƙawata, faɗa musu gaskiya a kan waƙar nan ta farko."

Ta sauke ƙwarya, ta gyara zama, ta ce, "Wacce? Mai kukan saniya?"

Direba har da tafi.

Ta ce, "Wallahi haka saniya take yi in an raba ta da ɗan maraƙinta. Ba ta da laifi, tana da daɗi. Amma ni kullum ina jin irinta a gida ba batir."

Uku suka zama, ni ɗaya.

Ban gaya musu dalilina ba, yanzu ma don na tsufa ne nake faɗa. Tun da yaron nan ya tafi ba ni da bakin tambayar lafiyarsa. Ɗan fari ne. In direba ya dawo, sai dai in yi kamar ina tankaɗe a kusa in saurari abin da yake gaya wa Malam. In an sa waƙar nan kuwa, kowa yakan tashi ya kama harkarsa saboda ba sa son ta, sai a bar ni ni kaɗai. Kasko biyu nake samu in yi tunanin yaron, ba mai kallon fuskata. Ƙawata ta faɗi gaskiya ba ta sani ba.

Na ce, "To ku goge. Amma ku sani kasko biyu ce. In kun wuce, kun shiga taku."

Malam ya ce, "Magana nawa ce? Gaisuwa ce kawai da saƙo ɗaya."

Ya cusa 'yar takarda a ramin da ke saman kaset ɗin, don in ba a toshe shi ba rakoda ba ta ɗauka. Na goge hannuna, na sa biro na juya zaren har farko. Ni ce mai wannan aikin a gidan, don kada a ƙona batir wajen mayarwa. Saboda haka na san kaurin zaren da ido ta 'yar tagar da ke jikin kaset ɗin, na san daidai inda kowace waƙa take ƙarewa.

Malam ya shiga ɗaki ya sako hula. Ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa a gaban rakoda kamar ya je gaida hakimi. Direba ya danna jan maɓalli.

Malam ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Sai ya yi shiru.

Direba ya yi masa alama da hannu ya ci gaba. Malam ya harare shi. Ashe jira yake yaron ya amsa.

"Ina wuni?" Shiru. "Ina gajiya?" Shiru. "Yaya aiki?" Shiru. "To madalla. Yaya baƙunta? Yaya ruwa? An ce ruwanku ba ya ɗaukewa." Kowace tambaya sai ya bar mata gurbin amsa, har yana gyaɗa kai kamar ya ji. Ya gaida mai gidan da ya ba yaron ɗaki. Ya gaida iyalin mai gidan. Ya gaida wani mutumin Rogo Ruma da aka ce yana sayar da goro a can, wanda rabonsa da shi tun suna samari. Na kwashe kasko na farko na zuba na biyu, bai kai ga saƙon ba.

Yayar Malam da take maƙwabtaka da mu ta jiyo ta katanga. Ta shigo da carbinta, ta ce ba za a aika murya Legas ba tata. Ita ce ta yi goyon yaron, ba mai hana ta. Ta fara daga sallama ita ma, ta bi duk inda Malam ya bi, ta ƙara da ciwon gwiwarta, ta rufe da addu'a doguwa, muna ta amin.

Na kwashe kasko na biyu. Na leƙa 'yar tagar. Tawa ta tafi, zaren ya shiga tasu.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ga direba ya matso gaban rakoda ya yi sallama. Mutumin da shi ne zai kai kaset ɗin da hannunsa, jibi war haka suna tare da yaron. Shi ma sai da ya tambaye shi gajiya, ya bar gurbi. Na mayar da bakina na rufe. A garinmu ba a katse mai gaisuwa. Ƙawata ma ta sa albarka da Fulatanci. Sannan Malam ya tuna da saƙonsa, wai a sayo masa bel ɗin keke.

Ya juyo ya ce, "Ke ba za ki ce komai ba?"

Na matso, ban zauna ba. Na ce, "Kai. Muna lafiya. Gyaɗa ta yi kyau. Sun goge mini waƙata don su tambaye ka gajiya. Shi ke nan."

Direba ya kashe. Na juya da biro, aka sa don a ji ko ta ɗauka. Ta ɗauka tsaf, har da ƙarar man ƙulina da zakaran maƙwabta. Kowa ya ji muryarsa yana murmushi. Da muryata ta wuce, Malam ya gyara zama, ya ce, "Yawwa, yanzu mai gangar za ta shigo."

Ganga ta buga sau biyu, wani ƙarfe ya yi tas, waƙar ta ƙare. Abin da ya rage ke nan.

Direba ya dafe kai. "Innalillahi. Yaya, ka cinye ta!"

Malam ya ce, "Ni? Kai da za ka gan shi jibi, me ya kai ka gaisuwa?" Sai ya juyo kaina. "Ke da kike ganin zaren, me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Kana gaida mai goro zan katse ka?"

Ƙawata ta ɗauki ƙwaryarta tana dariya har ta kai ƙofa.

Kaset ya tafi Legas. Gidan ya yi tsit, rakoda sai labarai. Malam ya koma ɗinki ba kiɗa, yana cewa ai da sauran waƙoƙi huɗu masu zafi a gefen farko, in kaset ya dawo zai yi maneji da su. Ina suyar ƙulina, in na kai kasko na biyu sai in ji wani iri.

Sai da aka yanke dawa direba ya dawo da shi, da bel ɗin keke. Da hantsi ne, ina shanya gyaɗa. Aka taru, aka sa bayan kaset. Yaron ya goge muryoyinmu ya ɗora tasa. Ya amsa gaisuwar kowa bi da bi, har ta baffansa direba da ya kai masa. Ya ce mai goro ya rasu bara. Da ya zo kaina sai ya ce, "Inna, na ji. A juya ɗaya gefen."

Malam ya ce, "Yawwa, juya mana, mu ji kiɗa."

Na juya na danna. Jita ɗaya ta fara, a hankali.

Direba ya ce, "A'a. Wannan ai ba a nan take ba."

Ashe yaron ya kai kaset ɗin wajen masu ɗaukar waƙa a can, sun ɗora masa waƙata a wannan gefen. Ta yi kasko biyunta ta ƙare. Malam ya ce to, yanzu sai masu zafin. Aka ɗan yi shiru, sai jitar ta sake farawa. Direba ya karɓi birona ya juya gaba da sauri, ya mayar ya danna. Ita ce. Ya ƙara juyawa har kusan ƙarshe. Ita ce dai.

Malam ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Sau nawa ya sa ta?"

Na leƙa 'yar tagar, na ce, "Huɗu. Ba ni birona."

Na mayar da zaren farko, na ɗora kasko.