Tsanin Saura-Kaɗan Ya Tsallaka Teku

Tun da nake da yayana ban taɓa ganin ya gama aiki ba, sai dai a ƙwace daga hannunsa. Ka kai masa ƙofa ya yi maka walda, ka dawo ka same ta a jingine har fenti ya bushe, kana kai hannu za ka ɗauka sai ka ji ya ce, "Dakata, saura kaɗan." Daga nan zai duƙa ya ƙara mata wani ɗan ƙarfe a inda kai ba ka ga komai ba. Da haka sunan ya bi shi. Yaro da babba Saura-Kaɗan suke ce masa, har marigayiya matarsa in ya ɓata mata rai. Ni dai Yaya nake cewa, don ni ke bi masa, kuma ni na fi kowa ɗanɗana halin nan. Gadon ƙarfen da ya yi mini na aure sai da na haihu ya iso, ƙarti suka shigar da shi ɗaki suna nishi saboda ƙare-ƙaren da ya sha.

Da ƙofa da taga ya fara, a wata rumfar kwano bayan tashar mota. Abin da ya mai da shi mai tsani kuwa ba abin dariya ba ne. Wani mai fenti, abokinsa, ya faɗo daga tsanin katako a gaban idonsa, ƙugu ya karye, bai sake tafiya daidai ba. Tun daga ranar Yaya ya koma ƙera tsanin alminiyum mai buɗewa kamar almakashi, kuma ba tsanin da ke fita sai ya hau shi da kansa har ƙololuwa, ya girgiza jiki, ya saurara. Autarsa tun tana ƙarama ita ke riƙe masa ƙafar tsanin in ya hau. Riƙon nata ba ya hana komai, amma ba ya hawa sai ta riƙe.

Rumfa ta zama masana'anta, da ma'aikata da injuna da mai gadi. Auta ta girma ta yi karatun kasuwanci, ta dawo ta zauna a ofis, kowa ya koma ce mata Manaja, har ni gwaggonta. Yarinya ce mai kai, ba ta da hayaniya. Ita ta ɗauki tsani ɗaya ta kai wani baje-kolin kayan gini a ƙasar waje, inda wata mata mai jerin kantuna ta hau shi da takalminta mai tsini, ta sauko ta ce tana so, kwantena guda don gwaji. Sai dai a ƙasarsu ba a sayar da tsani sai hukumar gwajin kaya ta gwada samfur ta ba da shaida.

Fitar da samfurin ma sai da aka yi dabara. Manaja ta jira uban ya tafi aski, ta sa aka naɗe tsanin aka jefa a mota. Can suka danna shi da inji, suka sa shi a ɗakin sanyi, suka fesa masa ruwan gishiri, abin dai kamar ya yi musu laifi. Sannan suka ce a manna masa hotuna a ƙafa: ga mutum yana faɗowa, ga mutum ya hau da ƙafa ɗaya an ja masa jan layi. Yaya ya daɗe yana kallon hotunan.

"Auta, wanda bai san ana faɗowa daga tsani ba, me ya kai shi hawa?"

"Baba, dokarsu ce."

Ba nan abin ya tsaya ba. Dole a yi wa kamfani rajista a can, a samu wakili mazaunin ƙasar, a yi inshora, a samu adireshin ofis. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa Yaya daɗi. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin reshenmu na ƙasar waje. Har mai gyaran taya na bakin titi ya san muna da reshe.

Da shaidar ta fito, Manaja ta zaunar da uban a gabana, ta yi masa magana a hankali yadda ake yi wa mai jinya. Ta ce shaidar nan ta samfurin ce kaɗai da duk tsanin da ya yi kama da shi sak. Ba ragi, ba ƙari, ko ƙusa ɗaya. Yaya ya yi ta gyaɗa kai yana cewa ya fahimta, ai shi ba yaro ba ne. Ni da na san shi tun muna cin ƙasa, gyaɗa kan nan bai kwanta mini ba.

Aka ƙera tsanukan, aka jera su reras. Manaja ta tafi tashar jiragen ruwa neman gurbin kwantena. Sauran labarin daga bakin babban ma'aikacinsu na ji shi daga baya. Ya ce da hantsi Yaya ya shigo, ya hau ɗaya ya girgiza, ya sauko yana taɓe baki. Ya ce mutanen ƙasar nan ƙarti ne, ya gan su a talabijin, kuma kayan da zai je wa baƙi ba a yi masa rowa. A kawo injin huda. Babban ma'aikacin ya tuna masa Manaja ta ce kada a taɓa.

"Taɓawa daban, gyara daban," in ji Yaya. "Da hannun wa aka fara wurin nan?"

Wa zai ja da mai wuri? Kowane tsani aka ƙara masa ƙarfen tokari a gicciye tsakanin ƙafafun baya, aka zura a kwali aka liƙe. Manaja ta dawo ta ga kwalaye a rufe tsaf, har ta yi wa ma'aikata godiya.

Kwantena ta isa lafiya, aka buɗe kwali ɗaya a can don dubawa, shi ke nan aka tsare kayan. Ranar da labarin ya zo Manaja ba ta yi faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta zauna ta dafe kai ta ce in matar nan mai kantuna ta janye, ba wanda zai sake sauraronsu a ƙasar. Yaya kuwa ko a jikinsa. Ya ce rashin fahimta ce kawai, zuwa da kai ya fi saƙo, a kai shi ya ga babban hukumar gwajin su gaisa. Aka ce in bi su in riƙe masa maganin hawan jini. Manaja ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggo, har da bakinsa za ki riƙe."

Da muka sauka ya matsa sai an fara kai shi reshe. Wakilin namu, wani siririn mutum mai yawan duba agogo, ya kai mu wani dogon gini, muka bi wani lungu, ya nuna mana bango cike da ƙananan akwatunan wasiƙa. Ɗaya a ciki da sunan kamfaninmu, a ƙasan na wani mai sayar da tabarau. Yaya ya leƙa ta ramin, ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce wurin dai a tsabtace yake.

A hukumar gwaji ba babban da za a gaisar. Inji ne ya tofo mana lamba, muka zauna a kujerun roba har aka kira. Mai gwajin wata dattijuwa ce cikin farar riga, tabarau a rataye a wuya, tafinta a gefenta. Ga samfurin a tsaye, ga ɗaya daga cikin na kwantena. Kafin in kama rigarsa Yaya ya haye nasa har sama, yana girgiza, yana buga ƙafa, tsoho da furfura.

"Gaya mata ta hau da kanta! Ta kira mijinta ma su hau tare!"

Matar ta jira ya sauko. Ta ce, ta bakin tafinta, "Ban ce ba shi da ƙarfi ba. Wataƙila ma ya fi wancan. Na ce ba shi na gwada ba."

"Ido ba mudu ba, ai ya san kima," in ji Yaya. Tafinta ya dube ni, na ce masa ya bar wannan.

Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani yatsan roba, daidai na ƙaramin yaro. Ta sa shi a tsakanin sabon tokarin da ƙafar tsanin, ta naɗe tsanin yadda kowa ke naɗewa in ya gama aiki. Muka ji ƙas. Rabin yatsan ya faɗi ƙasa ya gangara har gaban takalmin Yaya.

Ya duƙa ya ɗauka. Ya juya shi a tafin hannu, ya buɗe tsanin ya sake naɗewa a hankali yana kallon wurin. Wannan ne karo na farko da ban sha wahalar riƙe bakinsa ba. Na zo da haushinsa cike da ciki, amma wallahi a lokacin tausayinsa ne ya kama ni. Mutumin da ya shiga sana'ar nan don kada wani ya ji ciwo, ga shi garin gyaran gira ya tashi cire ido.

Cire tokarin ma bai yi magani ba, don ramukan huda sun rage, kuma samfur ba shi da ramuka. Haka kwantena ta juyo gida. Mai kantuna ta yarda ta sake ba su dama sau ɗaya, da sharaɗin a nuna mata tsarin da zai hana hakan sake faruwa. Kowa ya san sunan abin da ake son hanawa, ba wanda ya faɗa.

Manaja ta yi abin cikin ladabi, don 'yar halak ce. Aka yi wa Yaya ƙarin girma. Aka gina masa ofis a sama mai bangon gilashi, da na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa, aka rubuta Shugaba a ƙofa. A ƙasa aka ja layin fenti ruwan ɗorawa kewaye da wurin haɗa kaya, ba mai tsallakawa sai mai rigar aiki, kuma ba a ɗinka wa Shugaba rigar aiki ba. Inji ne yanzu ke danna tsani ya ce ya yi. Kwantena ta biyu ta wuce sumul, ta uku ma haka, aka ƙara ma'aikata. Gaskiyar Manaja ce, ni ma na sani, shi ma ya sani. Amma in na kai masa abincin rana sai in same shi tsaye jikin gilashi, hannuwa a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya.

Shekara ta zagayo, mai kantuna ta gayyace mu buɗe sabon kantinta, don mutanen can sun ƙaunaci Yaya. Hotonsa ne a jikin kowane kwali, da gilashin walda a goshi. A kantin ma ga shi an buga ƙato a bango da rubutu a ƙasa. Ya tambayi tafinta me aka rubuta.

"An ce kowane tsani sai ya bi ta hannun wannan dattijo kafin ya fito."

"Allah Sarki," in ji Yaya. "Mutumin kirki."

Ya matsa wurin tsanin da aka kafa don nuni, ya dafa shi ya ɗan girgiza. Na ga ɗaya hannun ya nufi aljihu, inda na san sifana take kwana.

"Baba," in ji Manaja, can ƙasa-ƙasa.

Ya fitar da hannun ba komai. Sai ya kira yarinyar da ke tsaron kantin, ya ce wa tafinta, "Tambaye ta, in na saya nawa ne?"

"Ta ce naka ne mana."

"In yi masa abin da na ga dama?"

"Ta ce e, amma in ka canja masa wani abu, ba ruwan kamfanin da ya ƙera."

"Madalla. A naɗe mini."

Manaja ta ce, "Baba, akwai irinsa cike da sito a gida."

"Na gida ai na kamfani ne, Auta."

Haka muka ratsa titunan mutane da tsani a kafaɗar Shugaba, muka sha rigima da ma'aikatan jirgi kafin su karɓe shi a kaya. Tsanin da ya tsallaka teku da shaida ya sake tsallakowa da rasit.

Yanzu yana tsakar gidana, ƙarƙashin bishiya, don Manaja ta ce kada ya kusanci masana'anta. Kullum in Yaya ya tashi daga ofis nan yake yada zango, ya cire babbar riga ya rataye a reshe. Ya sa tokarin, ya cire, ya sake masa wuri. Rabin yatsan robar nan yana aljihunsa, da shi yake gwada kowane lungu. Tsanin ya yi nauyin da mutum biyu ba sa ɗaga shi. Ƙwan fitilar barandata ya mutu tun tuni, na ce ya ara mini in canja, kun san amsar da na samu.

Rannan da yamma Manaja ta biyo ta gidan da wasu takardu da Shugaba zai sa wa hannu. Ta tarar da shi can ƙololuwa yana girgiza jiki, ba kowa a ƙasa. Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta ajiye takardun a kan turmi, ta zo ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu.

"Baba, ya yi?"

Ya ɗan saurara, ya sake girgizawa.

"Saura kaɗan."

"To," in ji ta. "Ina riƙe."