Maɓallin da Ya Tsaya a Goma

Har in koma ga Allah ba zan manta da bikin 'yar Alhaji Fuseini mai shanu a unguwar Sofoline ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata Rabi ce ke rubuta muku wannan, ku da kuka gaji kayan kiɗan mijina.

Shekara ashirin da wani abu marigayi Issaka yana kaɗa gita a bukukuwa, ni ina zaune gaban amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa gitar sauti. Irin ta da ce, mai kwalabe a ciki. Ana fara kunna maɓallin wuta, a jira kwalaben su yi ja kamar garwashi, sannan a ɗaga na biyu. Na murɗawa biyar ne: na ƙara, na kaushin murya, na kauri, na siranta, da na amsa-kuwwa. Da yake ban san rubutun ba, Issaka ya ɗiga mini jan farce a inda kowanne zai tsaya. Na ƙara a huɗu yake. In ya wuce shida lasifikar za ta yage, kuma ita kaɗai gare mu.

Ranar bikin nan, muna cikin kiɗa sai ga ƙanin Alhaji, wani boga da ya dawo daga Turai, ya duƙa yana leƙen maɓallan.

"Maame, wannan huɗu nake gani?"

Na ce, "Huɗu ne, Alhaji."

"An ce a bikin 'yan unguwar Akwatia Line biyar kuka ba su. Wato yayana ya fi su shanu, su sun fi shi lamba? Ki kai goma!"

Na ce lasifika za ta mutu. Ya ce shi ya zauna a inda ake ƙera ta. In aka dawo daga sallar La'asar bai ga goma ba, mu kwashe tarkacenmu, kuma zai gaya wa dillalan shanu kaf cewa mun raina gidansu. Rabin bukukuwanmu nasu ne. Na dubi Issaka, ya sunkuyar da kai. Lokacin ciwon ajalinsa ya riga ya fara cinsa, ba shi da ƙarfin gardama.

Da maza suka tafi masallaci, na ɗauki wuƙar da nake yanka goro, na kwance ɗan notin da ke riƙe hular maɓallin. Na zare hular, na mayar da ita tana nuna ƙarshe, wato goma, na ɗaure. Sandar ciki ban taɓa ta ba.

Boga ya dawo ya leƙa. Issaka ya ja tsirkiya, ƙarar nan dai ta ɗazu.

"Ahaa! Yanzu na ji kiɗa paa!" Har toshe kunne ya yi. Ya kira abokansa, su ma suka toshe. Wani ya rantse ƙirjinsa na rawa. Issaka ya juya baya wai yana gyara tsirkiya, kafaɗunsa na girgiza. Ban ƙara ganin ya yi dariya irin wannan ba. Kafin wani azumi ya zagayo mutuwa ta raba mu. Rabi, ki dakata in share ido.

Abin da na koya ke nan: lasifika kunnenka take so, babban mutum kuwa lamba yake son gani. Ku ba kowa nasa.

Na ji ɗayanku na cewa maɓallin ƙara ya karkace, zai gyara. Kada wanda ya taɓa shi. In na dube shi, Issaka nake gani yana ɓoye dariya.