Tagogin da Na Toshe

Ni ne mai laifi, kuma ba sai an matsa mini zan faɗa ba.

Shekarar da ƙaramar hukuma ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a wajen Yindiski, na samu ɗaya. Da na je dubawa sai na tarar da tubalin jar ƙasa aka yi su, bango mai kauri, ga wasu ƙananan tagogi can sama dab da rufi. Raina ya ɓaci. Na baro ɗakin ƙasa a ƙauye, na sha ranar kasuwar shanu shekara da shekaru, sannan a ce in koma cikin laka?

Injiniyar da ta zana gidajen sa'ar 'yata ce. Ta ce mini, "Baba, ta tagogin nan zafi yake fita. Ko babu wuta ɗakin zai yi sanyi." A gaban leburori na ce mata ta je ta koya wa kakarta gini. Na kira birkila ya toshe tagogin duka da siminti.

Bazara ta zo. Mahaifiyata tsohuwa ce mai ciwon numfashi, ɗakinta kuwa ya koma tanderu. Barci ya gagare ta, abinci ma sai an lallaɓa. Wata rana na dawo daga kasuwa ban same ta ba. Matata ta ce matar maƙwabcinmu, wani malamin makaranta ɗan kudu, ta zo ta kai ta gidansu. Na shiga na tarar tana barci a kan tabarma, ɗakin da sanyi kamar gindin randa. Na ɗaga kai. Tagoginsu a buɗe suke.

Da hannuna na ɗauki guduma na fasa simintin. Abokan hirata na bakin kasuwa suka sa ni gaba.

"Alhaji, maganar 'yar ƙaramar yarinya ce ta sa ka zama birkila?"

"Saura ka je ka durƙusa mata."

Na ce, "Zan je, kuma da rana tsaka. Wanda uwarsa ba ta jin zafi ya zauna ya yi ta dariya."

Har yau ba su daina tsokanar ba, ni ma ban sunkuyar musu da kai ba.

Na sami injiniyar a wurin wani ginin, leburorin nan suna kwaɓa ƙasa. Na jira suka ɗago, sannan na ce, "'Yata, a gabansu na ci mutuncinki, shi ya sa na zo a gabansu. Ke ce da gaskiya. Ki yafe mini."