Wankan da na yi wa jikata bakwaini

Na fi shekara ashirin ina karɓar haihuwa a unguwarmu a Kusada kafin abin da zan faɗa ya faru. Wajen mahaifiyarmu na koya. Ni nake yanke cibi, ni nake wanke jariri safe da yamma har ranar suna, ni nake tsayawa kan mai jego ta yi wankan ruwan zafi da ganyen bedi, wato dogon yaro. Har daga garin Boko akan turo ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme ta da shekara tara. A bayana ta yi wayo. Lokacin da aka zo ɗibar yara zuwa firamare ni na wuce shekarun, ita aka rubuta. Ta yi ta karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya a Kankiya, wajen awon ciki da haihuwa. Ni ɗan abin da na samu na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana, shi nake wannan rubutu da shi. Ita mutane na ce mata Malama. Ni ko a gabana ko a bayan idona, ungozoma ce. Ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a zuciyata kamar wani abin da na fi ta da shi.

A hankali matan unguwa suka fara tafiya awo Kankiya. Yaran da ni na yanke wa cibi sai su dawo suna ce mini Malama ta ce kaza, Malama ta hana kaza. Maganar takan kwana a raina.

Matar ɗana ta samu ciki na uku tana goyon ɗan wata goma, abin da muke kira kwanika. Jikinta bai huta ba. Damina ta faɗi, ita ke daka, ita ke dafa abincin masu noma, ita ke jan ruwa. Zazzaɓi ya kwantar da ita sau biyu, na dafa mata saiwoyi ta tashi. Da cikin ya shiga wata shida ƙafafunta suka kumbura, tana yawan riƙe kai. Ta same ni ina tsince wake ta durƙusa.

"Inna, da za ki yarda da na je awo ko sau ɗaya ne."

Na ce, "Da na haifi mijinki wa ya auna ni? Kumburin ƙafa ai ɗa namiji ne. Tashi ki duba tukunyarki."

Bayan kwana kaɗan ƙanwata ta zo gaisuwar rasuwa ta biyo ta gidanmu. Tana ganin yarinyar ta kama ƙafarta ta danna da babban yatsa. Wurin ya lotsa, bai taso ba.

Ta ce, "Yaya, ki turo mani ita ranar Talata. Wannan da alama jininta ya hau. In aka bari zai iya jawo haihuwa kafin lokaci, ko ya jefa ta jijjiga."

Na ce to. Talata ta zo ta wuce, wata Talatar ma ta wuce. Ban faɗa wa ɗana ba. Abin da na hango kawai shi ne a ce matar ɗan ungozoma tana layin awo a gaban ƙanwar ungozoma.

Cikin na wata bakwai, ana tsakiyar marka, faya ta fashe mata da hantsi. Tana cewa idonta na ganin duhu-duhu. Ɗana bai tsaya jin ta bakina ba, ya samo mota muka tafi Kankiya. Aka bar ni a benci a waje. Ƙanwata ce ta karɓi haihuwar jikata.

Mace ce. Na ga bakwaini a aikina, amma ban taɓa ganin mai ƙanƙantarta ba. Kanta bai fi lemun zaƙi ba. Fatarta kamar ledar da aka jiƙa, ana ganin jijiyoyi ta ciki, faratanta ko bakin yatsu ba su kai ba. In tana numfashi ƙirjinta na lotsawa ciki. Ba ta da ƙarfin kama nono, sai a tatsa a ɗiga mata. Kwana uku da haihuwa idonta ya yi ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, aka sa ta ƙarƙashin fitila. Maza suka raɗa suna a Kusada ba jaririya ba mai jego. Sai da suka kwana goma sha biyu aka sallame su.

Ƙanwata ta rako su har gida. A cikin ɗakin mai jego, gaban ɗana da matan maƙwabta, ta tsaya tana lissafa dokoki. A ɗaura yarinya a ƙirjin uwarta, fata da fata, cikin zane, da hula da safa. A ba ta nonon uwa kaɗai, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ko ruwa kada a ɗiga mata. Kada a kira wanzami. Kada 'yan barka su riƙa karɓarta hannu-hannu. Kada a sa garwashi a ɗaki. Kuma kada a yi mata wanka, sai dai a goge ta da tsumma mai ɗumi, gaɓa-gaɓa, har ta yi nauyi.

Ta ce, "Irin waɗannan ba su da kitsen da zai riƙe masu ɗumi. Sanyin da ba zai dame mu ba, su kashe su yake yi. Huhunta ma bai gama nuna ba."

Na ce, "Yau kuma mu ake koya wa jego."

Ta juyo ta dube ni. Ina ta share hanci da gefen mayafi, don mura ta kama ni tun zaman bencin asibiti.

"Ke ma Yaya, ki yi haƙuri, kada ki ɗauke ta sai murar nan ta sake ki. Abin da yake mura a wurinki, a wurinta ciwon haƙarƙari ne."

Wata daga cikin matan ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Na ce, "Allah Sarki. Wadda ba ta taɓa jin zafin naƙuda ba ita ce ke raba ni da jikata."

Ƙanwata ta gyara wa yarinyar hula, ta ɗauki jakarta ta fita. Na yi zaton ba za ta dawo ba. Ranar hutunta sai ga ta, da ɗan ma'auni a jaka.

Duk ranar da ta zo, in mai jego za ta shiga wanka, sai ƙanwata ta sassauta rigarta ta kwantar da yarinyar tsakanin ƙirjinta ta ɗaure da zane. Ta jingina da bango ta lumshe ido tana yi mata ƙananan maganganu. Ni ina bakin ƙofa a kan tabarma ina kallo. Ɗaruruwan jarirai sun bi ta hannuna, amma ban taɓa sanya wani a jikina haka ba. Na so a ce ni ce. Da na ce mata ta nuna mini yadda ake ɗaurin, da ta nuna mini. Ban ce ba.

Akwai wata maƙwabciyata, sa'ata ce, akwai wasa tsakaninmu tun muna 'yan mata. Ta leƙo wata safiya aron rariya ta ce, "Ungozomar gari, an ce jikarki ta yi kwana ashirin a duniya ruwa bai taɓa ta ba. Ko sai Malama ta sa hannu a takarda?"

Na ce, "Ke dai karɓi rariyarki."

"Ni ba ruwana. Amma ke kika koya mana cewa jaririn da bai sha wanka ba, ƙarnin haihuwa ba ya barinsa har tsufa. Kada dai ta girma miji ya riƙa kawar da hanci, a ce jikar wance ce."

Da wasa ta faɗa, ta tafi tana dariya. Ni kuwa na samu hujjar da nake nema. Na ce wa kaina don yarinyar zan yi, don kada ta tashi da ƙarni. Yanzu da na tsufa na san ba don ita ba ne.

Washegari an kwana ana ruwa, gari ya waye da iska mai laima. Murata ta yi sauƙi. Ƙanwata na wurin aiki, ɗana ya tafi gona. Mai jego ta kwance yarinyar ta miƙo mini, karo na farko.

"Inna, ki sa ta cikin rigarki, kamar yadda Malama ke yi. Yanzu zan fito."

Tana shiga makewayi na ɗebi ruwan zafi daga tukunyar jego na surka a roba. Na zauna a bayan ɗakina inda ba za a gan ni ba, inda iska ke bugowa. Na cire mata hula da safa. Na yi mata wankan da na saba, da sabulu, na wanke kai, na cuɗa wuya da hammata, na mimmiƙe hannuwa da ƙafafu, na ɗauraye sau uku. Ba nauyi a hannuna, kamar ina wanke ɗan tsako. Ta yi ɗan ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Na ji daɗin shirun nan. Na ce a raina, ga shi ta san hannun kakarta. Na goge ta, na mayar mata da kayanta, na naɗe ta a zane. Uwar ta fito ta karɓa ba ta lura ba.

Kafin azahar yarinyar ta daina haɗiyar nono, in an ɗiga sai ya biyo ta gefen baki. Uwar ta kira ni.

"Inna, taɓa ƙafarta ki ji. Kamar randa."

Na taɓa. Na ce barci ne. Na koma ɗaki na zauna. Da la'asar yarinyar ta fara wani numfashi mai gurnani, ta yi ta yi sai ta tsaya cak, leɓenta ya yi duhu, sai an shafa bayanta ta ja. Duk da haka ban faɗa ba. Na ɗebo garwashi a kasko na kai ɗakin wai ta ji ɗumi, hayaƙi ya cika wurin. Ɗana ya dawo daga gona, ya duba sau ɗaya, ya fitar da kaskon da ƙafa, ya hau babur ya tafi Kankiya.

Ƙanwata ta iso kafin magariba ko rigar aiki ba ta cire ba. Ta karɓi yarinyar ta sa a jikinta, ta sunkuya ta shinshina wuyanta. Ta ce kowa ya fita ban da ni.

"Yaya, an yi mata wanka?"

"Wa zai yi mata?"

"Ba faɗa zan yi ba. Ina so in san abin da zan gaya wa likita. Da ƙarfe nawa, kuma ta daɗe a ruwan?"

Na dubi bango. Sai da ta sake tambaya na ce da safe ne, kuma ba a ɗaki ba, a waje.

Ta rufe ido kaɗan. Ta ce, "To. Ɗauko mani bargo." Ko a lokacin, ko bayan nan, ba ta faɗa wa ɗana ba.

Daga Kankiya aka tura su Katsina. Sanyi ya shige ta, ciwon haƙarƙari ya biyo baya, shawarar ma ta dawo. Sati uku tana kwance da robar iska a hanci, ana yi mata allurai. Ƙanwata ta ɗauki hutu ta zauna da su. Ni aka bar ni da yaran gida. Kullum in na ji tsayuwar babur a ƙofar gida sai in ce ga saƙon rasuwa ya zo. Allah ya yi da sauran kwananta, suka dawo da ita.

Sai da ta kusa shekara biyu muka gane ba ta ji sosai. A jefar da kwano a bayanta ba ta waiwayo ba. Aka auna, aka ce kunnen dama ya tafi, na hagu da saura kaɗan. Maganarta ta yi jinkiri, har yau wasu kalmomin ba sa fita daidai. Da ta isa shiga makaranta, iyayenta suka ga a Kankiya za ta fi samun mai kula da ita, suka ba ƙanwata riƙonta. Can ta girma. Ita take kira Mama. In ta zo hutu takan gaishe ni da ladabi, ta zauna kaɗan, sai ta fara tambayar yaushe za a mayar da ita. Ba ni da bakin cewa komai, amma ba zan ɓoye ba, har yanzu in na gan su tare suna magana da hannu suna dariya, abin yana sukata.

Na bar karɓar haihuwa a shekarar da aka gane kunnen. Mai ciki in ta zo wurina nakan ce ta tafi awo, in ƙafarta ta kumbura in sa a kira mijinta a gabana.

Bara ƙanwata ta yi ritaya, na je Kankiya na kwana biyu a gidanta. Yarinyar ta tafi makaranta, muna zaune muna ɓarar gyaɗa, na yi ta maza na tambaye ta abin da na shekara goma sha biyar ina juyawa.

"Wankan nan ne ya kashe mata kunne?"

Ta ce, "Ban sani ba, Yaya. Bakwaini kan tashi da matsalar ji ko ba a yi masa komai ba. Shawara mai tsanani na taɓa kunne. Alluran da suka ceci ranta ma wani lokaci suna taɓawa."

"Amma da ban yi wankan ba, da ba a kai ga alluran ba."

"Wataƙila."

"Da kuma na turo uwarta awo?"

Ta zuba gyaɗar hannunta a faranti. "Wannan ya fi wankan yi mani ciwo. Sati biyu ina duba ƙofa ranar Talata."

Na so ta ce mini ba laifina ba ne, ko kuma ta zage ni in huta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na ce ta yafe mini maganar da na faɗa mata a ɗakin jego. Ta ce ta yafe tun ranar, amma ba ta manta ba, kuma sauran yafiyar ba a hannunta take ba. Ta ce ɗana da matarsa suna nan da ransu, yarinyar ma ta yi hankalin da za a gaya mata.

Na dawo Kusada na kira ɗana da matarsa na faɗa musu duka, tun daga ranar Talata har wankan. Matar ta yi kuka ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ɗana ya tashi ya fita, ya yi kwana huɗu yana gaishe ni daga bakin ƙofa. Yarinyar ce ban gaya wa ba tukuna. Na gwada sau biyu, bakina ya ƙi. Ta fi gane rubutu a kan magana, shi ya sa na sayi littafi na zauna na rubuta, don ta karanta da kanta.