Bargon Baba Ilu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina saman tsani ina goge farantan sola, wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya ɗago kai ya ce, "Sani, Baba Ilu fa ya rasu."

Ban san yadda na sauko ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, manomin lambu ne a ƙauyenmu, gefen Makoda. Ni kuwa ni ke kula da ɗakin sanyin da ake ajiye kayan gwari, wato kamar yadda na naɗa kaina, Babban Kwamishinan Harkokin Sanyi. A duk faɗin garin nan, shi kaɗai ya amince da wannan muƙami.

"Ranka ya daɗe Kwamishina," haka yake gaishe ni, "yaya talakawanka, su tattasai?"

Ranar da ya fara kawo tumatirinsa, ya shiga ɗakin ya fito yana karkarwa. Sai ya koma gida ya ɗauko wani tsohon bargo, ya lulluɓe kwandon. Nan take na gabatar masa da gagarumar lacca, na kafa hujjoji cewa sanyin nan shi ke hana ruɓewa. Ya saurare ni har ƙarshe, karamcin da ba a taɓa yi mini ba.

Sannan ya ce, "Na ji, Malam. Amma a rana suka girma. Ba zan bar su tsirara a wannan azaba ba."

Daga nan muka shiga yaƙin sari-ka-noƙe. Ya lulluɓe, in ya tafi in yaye, in na hango shi tafe in mayar. Ina kyautata zaton ya sani.

Aikin nan akwai kaɗaici. Manoma su ajiye kaya su wuce, a bar ni da ƙugin inji. Shi ne ke zama a benci har la'asar, domin 'ya'yansa duk suna Kudu. Yakan tsakuro mini goro ya ce, "Ci gaba da jawabi, ina ji."

Shekaranjiya ya kawo kwando ɗaya. "Riƙe mini zuwa ranar kasuwa, da kaina zan zo."

Yau kafin azahar muka kai Baba Ilu makwancinsa. Na dawo na buɗe ɗakin. Tumatirin na nan jajur, kamar yanzu hannunsa ya tsinko su. Bargon kuma na rataye a ƙusa, inda na sa shi bayan ya juya baya.

Jibi zan kai kwandon gidansa a yi miyar sadakar uku. Kafin nan, Kwamishina ya janye dokarsa. Na sauko da bargon, na lulluɓe su da kyau.

Allah Ya jiƙan Baba Ilu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Wanda duk ya jure karanta jawabina har nan, don Allah ya sa shi a addu'a.